Daga Turu Zuwa Ɗakin Jinya: Tarihin Kula da Masu Taɓin Hankali a Yola da Jimeta

Wanda duk ya yi nufin ba da labarin yadda ake jinyar masu taɓin hankali a ƙasar Adamawa, lalle ne ya fara da sanin cewa abin da baƙo yake kira Yola gari biyu ne masu asali dabam: akwai Yola ta Lamiɗo, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841 bayan ya bar Gurin ya yi zama a Ribaɗu, garin fada da alƙalai da zaurukan malamai, akwai kuma Jimeta a bakin Binuwai, wadda ta girma da jiragen ruwan kamfani, da kantuna, da bariki, da ma'aikatan gwamnati waɗanda aka kwaso daga kowace nahiya. Mutumin da hankalinsa ya gushe a waɗannan garuruwa ya bi ta hannuwa da yawa cikin shekarun nan, hannun alƙali da na malami, hannun gandiroba da na likita, amma wanda tarihi ya fi mantawa da shi, alhali kuwa a kansa nauyin ya fi sauka, shi ne mai kwana kusa da maras lafiya, mai ba shi ruwa, mai gane cewa yau idonsa ya sāke.

A zamanin da Fombina, watau ƙasar Adamawa, take ƙarƙashin tutar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bai wa Modibbo Adama, hukuncin majanuni a bayyane yake a littattafan Malikiyya da alƙalai suke hukunci da su, watau Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu, kuma wanda ya duba su da natsuwa zai yi mamakin irin tausasawar da ke ciki. Tun da yake hankali shi ne sharaɗin taklifi, wanda ya rasa shi ba a tsayar masa da haddi, sakinsa ba ya aukuwa, cinikinsa ba ya ƙulluwa. Alƙali yakan ɗora waliyyi a kan dukiyarsa don kada a cinye ta, a fitar masa da zakka daga cikinta, in kuma ya yi ɓarna a kayan wani a biya daga abin da ya mallaka. Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin haukan da ya lizimci mutum ba ya sakinsa da wanda yake zuwa yana tafiya, suka ce abin da mutum ya ƙulla a lokacin da ya farfaɗo yana nan daram. Har ma a babin aure, inda aka lissafa hauka cikin aibobin da suke ba da zaɓin rabuwa, sun yi hukuncin a jinkirta shekara guda domin neman magani, kuma wannan jinkiri shi kaɗai ya isa hujja cewa sun ɗauki abin cuta ce mai yiwuwar warkewa, ba tambarin da aka buga wa mutum har kabari ba.

Sai dai shari'a ta tsare masa haƙƙi, ba ta gina masa ɗaki ba. A ƙasashen gabas an san asibitocin wakafi, irin wanda Nuruddini ya gina a Dimashƙa a 1154, da wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, inda aka keɓe sashe na masu ciwon hankali da masu yi musu hidima a kan albashi; tun kafin wannan ma Abu Zaid al-Balhi, wanda ya rasu a 934, ya wallafa littafi yana bayanin baƙin ciki da firgita da waswasi a matsayin cututtukan rai masu magani kamar na jiki. Alhazanmu sun ratsa Masar, malamanmu sun karanta ɗibbu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi talifi a kan magunguna, amma irin wancan gini bai tsaya a Yola ba. Saboda haka jinya ta zauna inda take tun fil azal, watau cikin gida.

A cikin gida kuwa abin da ake yi sananne ne, kuma har yau bai ɓace ba. Idan mutum ya fara surutai shi kaɗai, ya daina barci, ya fara tuɓe riga ko ya nufi daji, sai a ce iska ta buge shi, ko an yi masa jifa, ko an sa masa kurciya. A nemo malami ya yi tofi, ya rubuta ayoyi a allo a wanke a ba shi ya sha, a turara masa hayaƙi. In abin ya ƙi, a lallaɓa wajen boka ko 'yan bori a yi girka, ko da yake malaman jihadi sun yi wa wannan hanya inkari mai tsanani. Wanda yake da ƙarfi kuma ake tsoron ya faɗa rijiya, ko ya cinna wa danga wuta, ko ya shiga Binuwai lokacin da ta cika ta batse, sai a sa shi a turu. Turu gungumen itace ne mai nauyi, a fafe rami a jikinsa daidai shigar ƙafa, a zura ƙafar mutum har idon sawu, sa'an nan a buga ƙarfe ya gitta ramin yadda ba ta fita. Wani a ɗaura masa igiya a gungumen don ya iya ɗaga shi ya ja jiki zuwa inuwa. In aka daɗe, fatar wurin takan sāɓule ta zama gyambo, ƙafar ta shanye, har wanda ya warke daga ciwon kai ya tashi da gurguntaka. Ba na cewa duk wanda ya sa ɗansa a turu azzalumi ne, domin da yawa tsoro ne da rashin dabara suka kai su, kuma uwar da ta yarda aka buga ƙarfen ita ce dai take dama masa fura, ta share ƙazantarsa, ta kore yara masu jifa, ta kwana tana sauraron numfashinsa. Ita ce ma'aikaciyar jinya ta farko a wannan ƙasa, ba ta da ilmin cutar, amma tana da abin da ilmi ba ya bayarwa, watau sanin mutumin tun kafin ya zama abin da ya zama.

Da sojojin Ingila suka ci Yola a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita, sai aka shigo da wata fahimta dabam, wadda ba ta tambayar mene ne haƙƙin majanuni, sai dai ina za a ajiye shi kada ya dami jama'a. Gidajen mahaukata na farko da gwamnati ta buɗe suna can kudu, na Kalaba a 1904 da na Yaba ta Ikko a 1907, kuma daga Yola zuwa can tafiya ce wadda jirgin ruwa ba ya yin ta sai da damina, in kogi ya kawo. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sake tsarawa a 1958, ta ba likitan gwamnati ikon tsare mutum har kwana 7 don a duba shi, ta ba majistare ikon tura shi gidan ajiya bayan bincike, amma ba ta ce uffan ba game da magani ko yardar maras lafiya. A lardunan Arewa, inda babu isassun irin waɗannan gidaje, sai gidan yari na En'e da na gwamnati suka zama matattara, aka riƙa rubuta mutane a littafi kashi biyu, mahaukatan da suka yi laifi da waɗanda ba su yi laifin kome ba, dukansu kuwa a bayan ƙofa ɗaya. Likitan da aka aiko daga Ingila ya zaga ƙasar, Dokta Cunyngham Brown, ya ba da rahoto a 1938 yana nuna munin halin da ya tarar, ya nemi a gina asibitoci na sosai. Kafin a motsa Yaƙin Duniya na Biyu ya taso, aka naɗe takardar aka ajiye. Ta haka gandiroba, wanda aka koya wa ƙirga fursuna da kulle ƙofa, ya zama shi ne mai jinyar hukuma na kusan rabin ƙarni.

Kada a ce babu aikin asibiti a lardin a wannan zamani. Dokta Niels Bronnum na mishan ɗin Danmak ya sauka Numan a 1913, mishan ɗin 'Yan'uwa suka zauna Garkiɗa a 1923 suka shahara da jinyar kutare, gwamnati kuma ta yi asibitinta a Jimeta, kuma a waɗannan wurare aka fara koya wa samarin ƙasar wanke gyambo da yin allura da rabon magani, waɗanda daga cikinsu aka sami difensoshi da malaman asibiti na farko. Amma hankalin likitoci yana kan kuturta da sanƙarau da ciwon barci da agana, cututtukan da ake iya ƙirga matattunsu, ciwon hankali kuwa ba shi da allurar da za a yi masa, don haka aka bar shi ga ƙarfe.

Abin da ya juya al'amarin ya faru ne cikin 'yan shekaru kaɗan, a wurare masu nisa da juna. A 1952 likitoci biyu a birnin Faris, Delay da Deniker, suka nuna cewa maganin nan da aka fi sani da Largactil yana kwantar da mai sambatu da gane-gane ba tare da ya sumar da shi ba. A cikin shekarar nan kuma wata malamar jinya a Amurka, Hildegard Peplau, ta fitar da littafi tana cewa zaman da ma'aikacin jinya yake yi da maras lafiya, tun daga sanin juna, zuwa aikin da za su yi tare, har zuwa sallama, shi kansa magani ne mai ƙa'idoji da ake koya, ba cika lokaci ba ne kafin likita ya iso. Wannan magana tana da tsohon asali, domin a Faransa ma, inda ake yaba wa likita Pinel da kwance sarƙoƙi, wanda ya fara kwance su a asibitin Bisetir a 1797 shi ne Pussin, mai kula da ɗakunan, mutumin da ya taɓa kwanciya jinya a gidan kafin a ɗauke shi aiki. A Nijeriya kuwa Abraham Ordia, wanda daga baya duniya ta san shi a shugabancin wasanni na Afirka, shi ake lissafawa ɗan ƙasa na farko da ya ƙware a jinyar masu ciwon hankali, ya komo daga Ingila a farkon shekarun 1950 ya yi aiki a Yaba. Sa'an nan a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa a Aro ta Abekuta, inda maimakon a kulle maras lafiya sai a sauke shi a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan'uwansa, ya zo a duba shi da rana ya koma masauki da dare, malaman jinya suna zaune cikin ƙauyen, har masu maganin gargajiya aka jawo cikin aikin. A ganina hikimar Lambo ita ce bai ƙirƙiro sabon abu ba, ya dubi abin da gidajenmu suke yi tun dā, ya cire turu, ya sa magani da ma'aikaci mai ilmi a gurbinsa.

Wannan haske bai iso gabashin Arewa da wuri ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya sun daɗe suna guda 8 a ƙasar duka, uku kaɗai a Arewa, na Barnawa a Kaduna, na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri, wanda shi ne mafi kusa da Yola, tafiyar kimanin kilomita 400. Bayan an yi Jihar Gongola a 1976, Yola ta zama babban birni, aka faɗaɗa asibitin Jimeta ya zama na ƙwararru, makarantar koyon jinya da unguwarzoma ta Yola ta riƙa yaye ɗalibai; aka yi Jihar Adamawa a 1991, shekarar da gwamnatin tarayya ta fitar da manufar shigar da lafiyar hankali cikin kiwon lafiya matakin farko; daga baya aka sami asibitin tarayya a Yola, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya, bisa ƙididdigar da aka fi ambata, ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, mafi yawansu kuwa suna manyan biranen kudu. Ma'anar wannan ita ce a wuri irin Adamawa aikin ya tsaya ne a kan malamin jinya wanda, bayan ya gama karatun jinya na gama-gari, ya tafi Kaduna ko Maiduguri ko Aro ya ƙaro na ƙwaƙwalwa, ya komo ya zama shi ne mai gani, mai ba da shawara, mai bin sawu.

Ga yadda aikin yake a kusa. A kawo saurayi cikin Keke Napep, ƙarti uku suna danne da shi, an ɗaure hannuwansa ta baya da rawani, bakinsa ya bushe, kwana da kwanaki bai runtsa ba, uwarsa tana biye da buta da ƙullin kaya. Gogaggen malamin jinya ba ya fara da allura. Yakan rage taron da ya kewaye shi, ya tsaya daga gefe inda saurayin yake ganinsa, ba tsakaninsa da ƙofa ba, ya sassauta murya, ya kira shi da sunansa na yanka, ya gaya masa ko shi wane ne da inda aka kawo shi, ya miƙa masa ruwa. Sa'an nan ya juya ga tsohuwar ya ce, “Inna, yaushe rabonsa da barci? Ya yi zazzaɓi? Ya taɓa faɗuwa yana shure-shure? Me aka ba shi a gida?” Tambayoyin nan ba na gaisuwa ba ne, domin zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, da farfaɗiya, da ƙwayar da yaro ya sha a ɓoye, kowannensu yana iya sanya rigar hauka, kuma wanda ya yi gaggawar kwantar da mai sanƙarau da allurar barci ya kashe shi yana zaton taimako ya yi. In har ɗauri ya zama tilas, ƙa'idar sana'ar ita ce ya zama na ɗan lokaci, da abu mai laushi, ana duba jini yana gudana a gaɓoɓi, ana rubuta sa'ar da aka ɗaura da sa'ar da aka kwance. Wannan rubutu, ƙanƙaninsa da shi, shi ne iyakar da ta raba jinya da turu.

Bayan kwana biyu aikin yakan koma na ido da haƙuri: a lura ko ya haɗiye ƙwayar ko ya ɓoye ta a ƙarƙashin harshe, a lura ko wuyansa ya sandare, hannunsa yana rawa, yawu yana zuba, alamun da maganin kansa yake kawowa, waɗanda in ba a yi wa dangi bayani ba sai su ce aljanin ne ya ƙara fusata su ɗauke shi da dare, a fi sa ido a kan wanda ya yi shiru ya juya wa bango fuska, domin mai shiru yana iya halaka kansa ba a ankara ba. Akwai kuma mai jego wadda ta ƙi jaririnta bayan suna tana cewa ba nata ba ne, wadda take bukatar a tsare ta a tsare ɗan ba tare da an raba su har abada ba. Da an sallami mutum kuma sai babban yaƙi ya fara, na allurar wata-wata da kuɗin mota daga Fufore ko Mayo Belwa ko Song, da maƙwabta masu cewa ba a hauka a warke duka, da neman aure da ake fasawa saboda an ji labari. Malaman jinya masu basira sun daɗe da gane cewa jayayya da iyali a kan aljani ɓata lokaci ce. Sukan ce a ci gaba da addu'a da ruƙiyya, amma kada a bar magani, kada a yi dūka, kada a hana shi abinci da sunan horon iska.

Shekarun nan na baya sun ɗora wa wannan ƙaramar runduna kayan da ya fi ƙarfinta. Da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a watan Oktoba na 2014, jama'ar arewacin jihar, daga Madagali da Michika da Hong, suka kwararo Yola da Jimeta, wasu a sansanonin Malkohi da Damare da Fufore, wasu a harabar cocin Santa Tariza, mafi yawa kuwa a gidajen dangi da na bayin Allah da ba su san su ba. Sa'an nan a 2015 bama-bamai suka tashi a Malkohi, da masallacin Jambutu, da cikin kasuwa a Jimeta. Ciwon da waɗannan mutane suka zo da shi ba irin na mai tuɓe riga ba ne: mace ce da ba ta barci sai ta ga abin da ta gani, yaro ne da ya daina magana, dattijo ne da ƙarar babur take sa shi ya kwanta a ƙasa. Ƙungiyoyin agaji suka shigo da tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane irin waɗannan cututtuka da yi musu taimakon farko. A gefe guda kuma ga tiramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana a 2018, har da ƙwayar da ake bayarwa don sassauta sandarewar jiki, wadda samari suka mayar abin maye. Iyayen da suka rasa yadda za su yi suka koma ga gidan mari, har abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, ya nuna cewa ƙarfen bai tafi ko'ina ba, wuri kawai ya sauya.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tabbatar wa maras lafiya haƙƙin a nemi yardarsa, a tsare sirrinsa, kada a wulaƙanta shi ko a kore shi daga aiki saboda ciwonsa, ta kuma umarta a kafa sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta tarayya. Wanda ya san babin majanuni a Muhtasar ba zai ga baƙon abu da yawa a cikinta ba. Amma neman yarda magana ce, binciken ciwon hankali ma dukansa magana ne, babu awon jini ko hoton da zai nuna waswasi, kuma Adamawa ƙasa ce mai harsuna masu yawan gaske. Tsohuwar da aka kawo daga rugar bayan Girei ba za ta faɗi abin da muryoyin suke gaya mata ba sai da Fulatanci, ta Numan sai da Bacamanci, ta Ganye sai da Cambanci, ta Michika sai da harshen Kamwe, likitan da aka turo daga nesa kuwa sau da yawa Hausarsa ma ta kasuwa ce. Wanda yake tsayawa tsakaninsu, ya ji, ya tace, ya gane inda maganar ta karkace daga yadda mai lafiya zai faɗe ta a wannan harshe, shi ne malamin jinya ɗan ƙasa, kuma yawan waɗanda jihar za ta iya turawa karatun ƙwaƙwalwa, ta kuma riƙe su kada Ingila da Saudiyya su ɗauke, shi zai nuna iyakar inda dokar za ta kai a ƙananan hukumomi 21 na Adamawa.